Hujin da Na Toshe a Injin Babur ɗin Surukina

Malam Zakiyyu, ina gaisuwa. Don girman Allah ka duba wasiƙar nan kafin watan nan ya ƙare, domin in ya ƙare shawara ba za ta yi mini amfani ba. Ni dattijo ne, shekaruna sittin da bakwai, a Zuru nake zaune. Da girmana na koyi karatu a ajin yamma, saboda haka in ka ga magana ta karkace ka miƙe ta. Da hannuna na rubuta, don ba maganar da zan iya faɗa wa wani ya rubuta mini ba ce. In za ka buga, ka sauya sunayen.

Bari in fara da abin farin ciki, kada in zama marar godiya. Na yi jika, namiji. 'Yata Saloma ta haihu bayan shekara goma sha ɗaya da aure ba ko ɓatan wata. Aiki aka yi mata aka ciro shi, kuma ita da shi suna lafiya. Ranar da aka miƙo mini shi na yi rawa a barandar asibiti har wata ma'aikaciya ta ce in tuna akwai marasa lafiya. Tsohuwata ta ce ta yi sabon miji, in tattara kayana in ba shi wuri. Na ce mata ba ta ci wata riba ba, daga marar haƙori ta koma wa marar haƙori. Mun daɗe ba mu yi dariya irin ta ranar ba. 'Ya'ya biyu Allah ya bar mana. Namijin, Markus, soja ne, shekara shida ke nan da aka kawo mana kayansa, bai ko yi aure ba. Saloma kaɗai ta rage. Ka ga ke nan abin da yaron nan yake a wurina.

Mijin Saloma shi ne Philemon. Kabu-kabu yake yi, da babur ɗinsa yake ciyar da gidansa, ba shi da wata sana'a bayan ɗan noman damina. Dole in gaya maka gaskiya a kan yadda na riƙe shi, in ba haka ba ba za ka gane nauyin abin da ke kaina ba. Da ya zo neman 'yata na ce sai ya yi golmo, wato noman da saurayi yake yi wa uban yarinya a wurinmu kafin a ba shi ita. Gidaje da yawa sun sassauta, ni ban sassauta ba, don ni ma haka na yi wa uban matata. Ya zo da abokansa damina bayan damina. Akwai ranar da na sa suka rushe kunya suka sake, wai ba ta miƙe ba. Da shekaru suka yi ta tafiya babu haihuwa, na sha yi masa habaici a gaban mutane, alhali danginsa ma suna can suna matsa masa ya rabu da 'yata, ya ƙi. Ban san da wannan ba sai daga baya. Kuma duk ranar da na ji ya kai babur gareji sai in ce yaran yanzu ko noti ba su iya juyawa, sai sun kai wa wani. Shekara talatin na yi ina riƙe da injin niƙa, makanike bai taɓa sa masa hannu ba, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Philemon sai dai ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, Baba.

To, ga abin da ya faru. Kwana tara suka yi a asibiti, shi ma yana can bai matsa ba. Gidan da suke haya ba shi da fili, sai ya kawo babur ya ajiye a rumfata. Kashegari da safe na ga baƙin mai ya ɗiga a ƙasa, faɗin tafin hannu. Na zuba ƙasa a kai. Wata safiyar na sake gani, har kaji sun taka sun bi tsakar gida da shi. Sai zuciyata ta ce mini, ga abin da za ka yi wa yaron nan. Ban taɓa yi masa wani abin kirki da hannuna ba. Ban iya buɗe baki in ce na gode da ka riƙe mini 'yata ba, bakina bai saba ba. Amma gyaran inji na iya. Na ce zan tsayar da yoyon nan ba tare da ya sani ba, sai ranar suna in gaya masa a gaban mutane, a yi dariya.

Na wanke injin da kananzir, na goge shi ya bushe, na barbaɗa masa garin dawa kamar yadda nake yi wa injin niƙa in ina neman inda mai yake fita. Na tayar da shi na ɗan lokaci. Garin ya jiƙe a gefen dama, daidai inda murfin kuloci ya haɗu da jikin injin. Na ji daɗi, na ce ashe idona bai mutu ba. Na juye man a kwano mai tsabta na rufe. Na kwance notuna takwas, na jera su a kan buhu yadda suke a jikin murfin don kada in rikita dogo da gajere. Da na cire murfin sai na ga gaskit ɗin, wato takardar nan da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don ta hana mai fita, ta bushe ta tsage. Da na zo kankare ta sai ta farfashe, ba ta fita ɗaya ba, na share na zubar.

Nan ne ya kamata in sa hula in tafi wurin masu sayar da kayan babur. Ban je ba. Na farko, duk sun san Philemon, labari zai riga ni isa asibiti. Na biyu, ni ban taɓa sayen gaskit ba a rayuwata, yanka abina nake yi. Na shiga ɗaki na ciro kalandar cocinmu ta bara, wadda ƙungiyar maza ta buga, mai kwali mai kauri da santsi. Na ɗora kwalin a bakin murfin, na bi gefe da ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa a hankali har ƙarfen ya yanke shi daidai. Aikin ya yi kyau, Malam, ba yabon kai ba.

Da na ɗaga kwalin sai na ga shaidar huji tara ta fito a jikinsa, ni kuwa noti takwas na kwance. Na sake ƙirgawa. Na tara ɗin ƙarami ne, ba shi da zaren da noti zai kama, kuma ya jiƙe sharkaf da mai. Tsohon gaskit da zan gwada da shi na riga na zubar. A injin niƙana, duk hujin da ke bakin murfi na noti ne. Sai na ce a raina, to ga ɓarawon, ta nan man yake samun hanya. Na huda takwas na bar na tara a rufe. Ban tsaya nan ba, na lakato gam na cusa a cikin hujin na shafe, don in tabbatar. Na mayar da murfi, na ɗaure notuna, na tace man da ƙyalle na mayar, na tayar da inji minti biyu na kashe. Kwana uku ina fitowa da safe ina duba ƙasa, busasshiya ƙayau. Har waƙa nake yi ina shara.

Aka sallamo su. Philemon ya ɗauki babur ya yi 'yan aike-aike a cikin gari, ya ce yana jin ƙarar injin ta ɗan sauya, na ce zafi ne. Ni da bakina na ce masa zafi ne. Kashegari ya tafi Kanya ɗauko mahaifiyarsa ta zo ta ga jikanta. A hanyar dawowa injin ya buga. Ya ce ƙara ya ji kamar an jefa tsakuwa a cikin gwangwani, sai babur ya tsaya cik. Tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, kuma ka san yadda hanyoyinmu suka zama, ba wurin da mutum zai so ya daɗe a tsaye ba ne. Sun fi awa uku a gindin bishiya cikin fargaba kafin wata motar hatsi ta tausaya ta ɗauko su har da babur ɗin. Da yamma aka sauke shi a rumfata, inda ya tashi. Yana nan har yanzu, an rufe shi da buhu.

Ko a lokacin ban yarda ni ne ba. Na ce wa kaina tsufa ne ya kama injin. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, sai na tafi can wani gefen gari inda ba a san ni sosai ba, na sayi gaskit na irin wannan injin. Tun a gaban shagon na ƙirga. Huji tara. Na tambayi mai shagon kamar da wasa, wannan ƙaramin na mene ne tunda ba noti a wurin. Ya ce ai Baba wannan ya fi sauran muhimmanci, ta nan famfo yake tura mai ya shiga cikin injin, in ya toshe ƙarfe zai yi ta cin ƙarfe har ya kama. Ban san yadda na iso gida ba. Yoyo ya tsaya, gaskiya ne, amma tare da shi na tsayar da man da injin yake rayuwa da shi.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce hasara ce ta gida. Amma akwai Talle. Shi ne makaniken Philemon shekara takwas, kuma shi ya yi wa babur ɗin juyen mai mako guda kafin haihuwar. Mutumin kirki ne, har asibiti ya zo barka da kunun da matarsa ta dama. Philemon, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya je garejinsa a gaban 'yan kabu-kabu ya ce gurɓataccen mai ya zuba masa, ya kusa sa a rasa uwarsa a daji. Talle ya rantse ya kuma rantsewa. Daga ƙarshe ya ce shi ba zai yi musu ba, a kawo babur a buɗe a gaban shugaban ƙungiyarsu, inji ba ya ƙarya. Shugaban ya sa ranar Litinin ta bayan sunan, ya ce kada a haɗa rigima da hidima. Tun daga ranar 'yan kabu-kabu suka fara wuce rumfar Talle. Shekaranjiya na bi ta wurin da tsakar rana, na same shi zaune a kan benci, hannuwansa fes. Ya tashi ya gaishe ni, ya tambayi jikin mai jego. Na amsa ina kallon ƙasa.

Ka ga inda nake. Ranar Litinin in aka cire murfin nan, kwalin kalandar coci za a gani, da guntun hotunan dattawanmu a jiki. Talle Musulmi ne, ina zai samu kalandarmu? Kuma kowa ya san gidan da babur ya kwana tara.

Saboda aikin da aka yi wa Saloma, an ɗaga sunan zuwa Lahadin ƙarshen wata, ranar da za a miƙa yaron a coci. Makon jiya Philemon ya zo, ya cire hula ya durƙusa, ya ce shi da matarsa sun yi shawara, sunana za su sa wa yaron. Ya ce tun da Markus ya tafi yake so ya yi wani abin da zai sanyaya mini rai. Sannan ya ba ni haƙuri wai mataccen babur ɗinsa ya tare mini rumfa. Ni yake ba haƙuri, Malam. Yanzu aron babur yake yi na rabin yini in ya samu, in bai samu ba ya je kasuwa dako, ga mai jego tana bukatar abinci mai kyau. Ya rame. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan, kuma ina jin kunyar rubuta shi. Sabon gaskit ɗin yana cikin akwatina a ƙarƙashin tufafi. Babur yana rumfata. Aikin rabin awa ne in buɗe, in cire kwalin, in sakace gam ɗin, in sa na kanti in rufe. Ranar Litinin in an buɗe ba za a ga komai ba sai injin da ya ƙone, magana ta tsaya a kan Talle. Sau biyu ina ɗaukar sifana. Na biyun har na sassauta noti biyu, sai na ji tsohuwata tana tahowa na mayar. Ita ma ina jin ta fara ganewa. Ta tambaye ni ina kalandar da ke bango, na ce ta tsufa na cire. Ta dubi ƙusar, ta dube ni. Tun ranar abinci kawai take ajiye mini, ba ta ƙara tsokanata da zancen sabon mijinta ba.

Na san abin da littafi ya ce. Ni dattijon coci ne, ni nake yi wa wasu faɗa. Amma ta yaya zan fara? A gidanmu ban taɓa jin uban mace ya durƙusa wa mijin 'yarsa ba. Mutumin da na sa ya rushe kunya, mutumin da na yi wa gorin bai iya juya noti ba, in je in ce masa ni na kashe abin da yake ci da shi, ni na bar uwarsa a daji, ni na sa ya ci mutuncin amininsa a banza? Ba faɗansa nake tsoro ba, da ma zai yi faɗan da na ji sauƙi. Na san shi. Zai ce ba komai, Baba. Daga nan ba zai sake barin komai nasa a hannuna ba, har yaron. Ko ya fasa sa sunan, ko kuma ya sa don kunya, in riƙa jin ana kiran yaron ina sanin uban ba da son ransa ba ne. Ban san wanda ya fi muni ba. Saloma kuma ɗinkinta bai gama warkewa ba, in jefa ta tsakanin ubanta da mijinta?

Jiya aka ɗora mini yaron a cinya, ya kama ɗan yatsana ya riƙe, sai na miƙa wa uwarsa na ce tari nake ji. Abin da na roƙa shekara goma sha ɗaya ya zo, na kasa riƙe shi minti biyar. Abinci ba ya shiga. In na yi shiru na bar murfin yadda yake, Litinin za ta tona ni a gaban 'yan kabu-kabu, kwana ɗaya bayan an kira sunana a coci. In na sauya gaskit, na binne Talle. In na yi magana, na rasa ɗan da ya rage mini, don yanzu na gane Philemon ɗa ne. Ko in bari a yi sunan tukuna, in faɗa masa da yammar Lahadi? Ko in aika wani? Ban ga hanya ko ɗaya mai kyau ba. Ka gaya mini wadda ta fi dama.

Kakan da murna ta yi wa yawa, Zuru.

*

Baba, barka da arziki. Allah ya raya yaro, ya ba mai jego lafiya. Na tsallake wasiƙu da dama na sa taka a gaba saboda lokaci, don haka ba zan yi dogon zagaye ba.

Kada ka sake taɓa murfin nan. Yau ɗin nan ka ɗauki sifana da sabon gaskit ka damƙa wa Mama, tsohuwarka, ka gaya mata dalili. Ta riga ta sani, jira take ka faɗa. Abin da ka yi da farko kuskure ne na mai son alheri, kowane mai aikin hannu yana da irinsa a tarihinsa. Abin da kake tunanin yi yanzu zalunci ne da ido buɗe, a kan mutumin da ya kawo wa 'yarka kunu. Kuma na tambayi wani tsohon makanike a unguwarmu, ya ce da wuya ma dabarar ta yi aiki: sabon gaskit a jikin injin da ya ƙone, da sauran gam a cikin hanyar mai, duk wanda ya san aiki zai gane an buɗe bayan an yi ɓarna. Amma ko da za ta yi aiki, amsata ɗaya ce.

Ban raina tsoronka ba. Surukuta abu ne mai nauyi, kuma wanda ya shekara goma sha ɗaya yana gyara wa mutum zama ba zai ji daɗin zuwa ya ce ni na ɓata ba. Sai dai ka duba al'adar nan ta ɗaya gefen. Kunyar da ta hana Philemon mayar maka da magana ita ce za ta hana shi tambayarka, ko da zargi ya ɗarsu a ransa. Shi ba shi da hanyar zuwa wurinka da wannan magana. Kai kaɗai kake da hanyar zuwa wurinsa. Girman da al'ada ta ba ka, a irin wannan rana ake biyan haƙƙinsa.

Shawarar bari sai yammar Lahadi ita ce mafi muni a cikin waɗanda ka lissafa masu kama da gaskiya. In ka yi haka, ka karɓi sunan ne kafin mai bayarwa ya san wa yake ba, kuma zai gane hakan. Ka kira shi kafin ranar, da kwanaki, ku biyu a rumfar nan kusa da babur ɗin. In kana jin ƙafarka ba za ta ɗauke ka ba, ka zo da dattijo ɗaya da kuke girmamawa ku biyun, amma ya zauna ne kawai, maganar daga bakinka za ta fito. Kada ka ce an samu kuskure, kada ka fara da tarihin injin niƙa. Ka ce ni na buɗe, ni na toshe hanyar mai, na sani tun ranar kaza na kasa faɗa. Wannan na ƙarshen ma ka faɗe shi, don kwanakin da ka yi shiru su ne suka fi cutar da Talle. Sannan ka gaya masa abin da ya sa ka taɓa babur ɗin tun farko. Godiyar nan da ka ce bakinka bai saba da ita ba, ita ka yi ƙoƙarin faɗa da guduma da kwali. Wannan karon ka faɗe ta da baki.

Batun suna, ka ce masa sau ɗaya yana da damar sake shawara kuma ba za ka riƙe shi a rai ba, daga nan ka bar maganar. Kada ka roƙa, kada kuma ka ce ka ƙi don ka hukunta kanka, wannan ma ƙwace masa zaɓi ne. Saloma kuwa mijinta ya zaɓi lokacin da zai gaya mata. Wadda ta jure shekara goma sha ɗaya ba wannan ne zai karya ta ba. Mahaifiyar Philemon ma tana da haƙƙin ban haƙuri, ka je da Mama ku same ta.

Talle a bainar jama'a aka ci mutuncinsa, a bainar jama'a za a wanke shi. Kada ka jira Litinin ta yi maka aikin. Ku tafi garejinsa da hantsi lokacin da 'yan kabu-kabu suke taruwa, a gayyato shugabansu, kai a gaba Philemon a baya. Ka faɗa da ƙarfi yadda na nesa zai ji, ka kuma ce abin da Philemon ya faɗa a kan rashin sani ya faɗe shi, kai ka jefa shi. Da haka ka sauke wa surukinka rabin kunyarsa, kuma ina jin wannan zai fi tsaya masa a rai fiye da injin. Ka roƙi Talle ya karɓi gyaran da kansa. In ya karɓa, 'yan kabu-kabu sun ga amsa da idonsu. In ya ƙi, haƙƙinsa ne, kada a matsa masa. Ɗawainiyar tayar da babur ɗin taka ce, ka faɗa tun kafin a tambaya, ka kuma yi da sauri, don kowace rana da yake ƙarƙashin buhu gidan 'yarka ne yake jin ta.

Ga masu karatu da suke gyara a gida: dabarar Baba ta wanke inji a barbaɗa gari don gano inda mai yake fita daidai ce. Inda aka rabu da hanya shi ne zubar da tsohon gaskit kafin a gwada sabo da shi, da kuma toshe hujin da ba a san aikinsa ba. Makaniken da na tambaya ya ce gam shafa shi ake yi siriri, ba a cusawa, kuma bayan an rufe a tabbatar mai yana zagayawa kafin a hau doguwar hanya. In ƙarar inji ta sauya bayan gyara, a kashe shi a tambayi wanda ya sani. Busasshiyar ƙasa ba ita ce shaidar lafiyar inji ba.

Ba zan yi maka alkawarin Philemon ba zai ji ciwo ba. Zai ji. Wataƙila ya ce ba komai ya yi wata guda yana gaishe ka daga nesa. Ka ƙyale shi ya yi fushinsa, bai taɓa samun damar yi ba. Amma ni ban ga alamar mai yar da mutane a labarin da ka ba ni a kansa ba. Kuma ka lura, abin da kake tsoron rasawa ka riga ka fara rasa shi tun yanzu, da shirun nan, ba tare da kowa ya ƙwace maka ba.

Na sauya sunaye kamar yadda ka roƙa, amma mutum nawa ne a Zuru injinsa ya buga a hanyar Kanya da mahaifiyarsa a baya? 'Yan kabu-kabu suna karatu, masu shago ma haka. Ka riga jaridar nan isa wurin surukinka, Baba. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran Philemon da na Talle, ya sa a yi suna lafiya.

Malam Zakiyyu